Fatihar da Aka Yi wa Kakata a Agege

Na sauka a Agege ranar wata Talata da hantsi, ƙafafuna sun yi suntum saboda zaman mota. Kafin in kai hannu kan jakata wani ƙato ya sure ta ya ɗora a ka, ya yi gaba. Na bi shi ina "Malam, Malam", bai waiwayo ba sai da ya kai bakin titi, ya dire ta cikin taɓo, ya miƙo min hannu. Na ce ai ban sa shi ba. Ya zuba min Yarbanci mai zafi, abin da na tsinta a ciki kawai shi ne "aboki". 'Yan okada suka kewaye mu suna dariya, har da masu hula irin tamu, ba wanda ya ce masa kanzil. Na biya kuɗin dakon da ban nema ba, na goge jakata da gefen mayafi.

Sunana Suwaiba, 'yar fim ce ni, a lokacin shekarata huɗu ina yi a Kano. Ba aiki ne ya kai ni Legas ba, dangin ubana na je nema. Ubana Sule direban tirela ne, haifaffen Agege. A Jos ya auri Ummata, ubangidansa na mota ne ya yi masa walicci, ya rasu ina da shekara biyar, kuma ko sau ɗaya wani nasa bai taɓa tako ƙofarmu ba. Ita Umma babanta Bafulatani ne, uwarta Birom ce da ta musulunta. Wannan kam ba a ɓoye yake ba, masu zagina a waya sun tono shi tun ranar da fim ɗina na farko ya fita. Wani ya ce Buzuwa ce ni, wani ya ce arniya ce ta yafa mayafi. Duk wannan ina sharewa. Wanda yake hana ni cin abinci shi ne mai rubuta cewa ba ni da uba.

Sai ga Mukhtar, ɗan cikin birni, mai shagon wayoyi, ya ce aure yake so, ni ma kuma ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Magana ta je gaban baffansa Alhaji Garba, wanda yake kai raguna kasuwar Alaba Rago ta Legas duk babbar sallah. Mukhtar ya kawo min amsarsa ba ragi ba ƙari: "Fim mun haɗiye, tunda ta ce za ta bari. Na wajen uwarta mun haɗiye, da ƙyar. Amma uba ake bi. Zan tafi Legas da raguna. In na ga dangin ubanta da idona, Hausawa ne na asali gaba da baya, a nan zan ba da goro. In ban gani ba, kada a ƙara kawo min maganar." Kwana goma sha biyu suka rage ya iso, ni kuwa abin da nake da shi a hannu suna ne kawai, Alhaji Na-Bebeji mai goro, kakana, wanda Umma ma ba ta taɓa gani ba.

Na kama ɗaki a wani masauki kusa da layin dogo. Jirgi in ya wuce har gadon rawa yake. Na ɗauka shiga cikin Hausawa zai sa in ji kamar a gida, ashe nan ne wahalar. Bayarabe bai san ni ba, zagi ɗaya zai yi ya wuce. Bahaushe kuwa ya san fuskata. Duk rumfar da na tsaya na yi sallama, sai an gama ɗaukata hoto ba izini sannan a amsa. Wata mai tuwo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce wa maƙwabciyarta, da ƙarfi don in ji, "Su ai in kasuwarsu ta mutu a can, nan suke gangarowa." Na so in mayar mata, don bakina ba ya mutuwa, sai na tuna nema na zo yi. Na haɗiye, na sayi tuwon nata ma, miyar ba gishiri.

A kwana na biyu wani mutum ya same ni a ƙofar masaukin, fari, siriri, da carbi mai tsawo. Ya ce sunansa Tanko, dillali ne, duk Agege ba gidan da bai sani ba. Da na ambaci Alhaji Na-Bebeji sai ya dafe ƙirji, ya ce ai a gidan ya tashi. Kwana biyu yana yawo da ni a danfo, bas ɗin hayar garin, ni ke biyan kuɗin mota, ni ke sayen abinci. Gida na farko suka ce Na-Bichi suka sani. Na biyu coci ne yanzu. Na uku wani tsoho ne kurma, Tanko yana ta yi masa ihu a kunne, shi kuwa yana ta sa mana albarka. A ranar ta biyu da yamma, muna tsaye bakin wata kwata, ya rage murya.

"Hajiya, in gaya miki gaskiya? Ki daina wahalar da kanki. Baffa kike so, ko? Ina da dattijo mai gemu, ga babbar riga, ga falo da kafet. Ki koya masa sunan ubanki, shi ke nan. Ke da kike 'yar fim ai kin fi ni sanin yadda ake yi."

"Wato dama ba ka san gidan ba."

"Ba ke ce ta farko ba. Ko wata biyu ba a yi ba na aurar da wata haka."

Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi. Ya yi dariya, ya ce lambarsa tana wayata, in na gaji zan kira. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban goge lambar ba sai da na kwana ina juya maganar.

Umma ce ta ce a waya in gwada Apapa, tunda a can ubana yake lodi. Na shiga danfo uku kafin in kai, kwandastan na ƙarshe ya riƙe min canji ya ce ba shi da shi. Tireloli sun yi layi iyakar ganina, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu saboda rana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Matasan wasa suka mai da ni, wani ya ce in rera masa waƙar fim tukuna, wani ya ce in an rasa uba ga shi. Can ƙarshen layi na tarar da wani tsohon direba yana wanke ƙafa da buta. Da ya ji sunan sai ya ajiye butar.

"Sule na Jos? Sule ɗan Bayarbiya?"

Na ce a'a, ubana Bahaushe ne.

"Bahaushe ne mana, ɗan Alhaji Na-Bebeji. Amma uwarsa Bayarbiya ce, na sha cin amalarta. Yarinya, ga hancinsa nan a fuskarki."

Na zauna a kan wata taya ba tare da na yi niyya ba. Ni da ake ce wa ruwa biyu ina jin zafi, ashe ruwa huɗu ce. Maganar Alhaji Garba ta faɗo min, gaba da baya. Tsohon nan bai san abin da ke raina ba. Ya saya min ruwan sanyi, ya kwatanta min rumfar yayan ubana a kasuwar goro, ya ce Alhaji Lawal ake ce masa, ya raka ni har bakin titi ya tsayar min da mota. Tunda na zo garin shi ne mutum na farko da bai nemi komai a wurina ba.

Washegari na sami rumfar. Huhunan goro jere, ƙanshin ganye da danshi, ga wani mutum mai jiki a kan kujera yana ba da umarni da Hausa, yana juyawa ya yi ciniki da Yarbanci kamar ruwa. Ina ganin sa na gane shi, domin hoton ubana ne da ke jikin bangon Umma, an ƙara masa ƙiba da furfura. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi.

"Baffa, ni ce Suwaiba, 'yar Sule."

Bai amsa gaisuwar ba. Ya dubi mutanen da ke rumfar, sannan ya dube ni.

"Wane Sule?"

"Ƙaninka, na Jos."

"Wanda ya je ya kwaso jikar arna ya ce mata ce? Tun ranar na ce ba ni ba shi. Ya mutu ma a bakin direbobi na ji. Yanzu kuma an turo min 'yar rawa har rumfata, gaban mutane." Ya nuna hanya da carbinsa. "Tashi ki ba ni wuri. Ni ban san ki ba."

Na ce ba kuɗinsa na zo nema ba, baƙi kawai zai karɓa na rabin awa. Ya ce ko na minti ɗaya. Wallahi na ji kamar in ce masa ai ni ma na san wadda ta haife shi, maganar ta zo har bakina. Ban faɗa ba. Na tashi, gwiwoyina duk ƙasa, na fita mutane suna bi na da waya a ɗage.

A bakin kasuwar wata mata ta riƙo hannuna. Gajera ce, da ɗaurin zani irin na Yarabawa, amma da ta buɗe baki Hausa ce tsaf. Ta ce ta ji komai, ta zo karɓar saƙo ne a rumfar. Ta ce, "Ni ce Sikira, ƙanwarsu. Gwaggonki ce ni. Ina kayanki?" A ranar ta kwashe ni daga masaukin nan, ta kai ni gidanta can wajen gari, inda take aure a cikin Yarabawa. Tun a mota ta warware min komai. Baffa Lawal yana neman shugabancin 'yan goro na kasuwarsu, abokin takararsa kuwa ɗan Arewa ne da ke yawo yana cewa ba za a ba ɗan ruwa biyu ba. Tsofaffi sun san gaskiya, amma masu zaɓen yawancinsu sabbin zuwa ne. Shekara tara ke nan da ya ɗauke uwarsu daga gidan ubansu ya kai ta wurin Gwaggo, wai can ya fi iska. Abinci yana aikawa, ƙafarsa ce ba ta zuwa.

Iya suke ce mata. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake a faranti, 'yar tsohuwa ƙarama, da tsage uku-uku a kumatu. Gwaggo ba ta ce mata komai ba, ta tura ni gaba kawai. Iya ta ɗago ta kalle ni, farantin ya zame, waken ya watse. Ta ce, "Sule." Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, tana wata waƙa da Yarbanci tana kuka, Gwaggo ta ce kirarin gidansu take yi min. Ni da nake kukan ƙarya a gaban kyamara a biya ni, ranar na yi na gaske har da majina.

Kwana biyar na yi a ɗakinta. Hausarta a karkace take, amma ba abin da ke wuce ta, shekara arba'in ta yi da kakana kafin ya rasu. Ta ba ni labarin yadda ya zo sayen goro a gonar ubanta ya saye har da zuciyar 'yar mai gonar, in ji ta. Ta ce ubana da ƙuruciya ɓarawon nama ne a tukunya. Ta dafa min amala da miyar ewedu, na kasa haɗiyewa, ta yi ta min tsiya wai jikar Fulani sai nono. Kullum da safe ita ke tashina salla, ta riga kowa alwala. Ina jin daɗinta, kuma ina lissafin kwanaki, domin Mukhtar ya kira ya ce raguna sun iso Alaba Rago, baffansa ya sa ranar Asabar bayan la'asar.

Gwaggo ce ta karya Baffa Lawal, ba da roƙo ba. Ta je ta ce masa in bai karɓi baƙin ba, mijinta zai karɓe su a gidansa da 'yan uwan Iya gaba ɗaya, a yi kiɗa, ita kuma yarinya ta sa hoton a waya duniya ta gani. Ranar Alhamis ya aiko a kira ni gidansa. Bai ce in zauna ba.

"Zan karɓe su. Ba don ke ba. Amma da sharaɗi. In sun tambayi uwarmu, 'yar Katsina ce. Abin da zan faɗa ke nan, ke kuma ki kama bakinki, yau da gobe da jibi."

"Baffa, Iya fa?"

"Ke kika san Iya ko ni? Mijin kike so ko ba kya so? Kina tsammani mutanen cikin birni za su ba da goro in sun ji?"

Na tsani mutumin nan a lokacin, har yanzu ma ban ce ina son sa ba. Amma gaskiya ya faɗa, kuma ni ma abin da nake tsoro ke nan tun daga Apapa. Na ce na yarda. Na gaya wa kaina magana ce ta falo, ta maza, za a yi ta a gama, ba mai ji. Ko Gwaggo ban gaya wa sharaɗin ba.

Da na koma Iya ta ga fara'a a fuskata ta tambaya. Na ce mata Baffa ya yarda, dangin mijin za su zo ranar Asabar bayan la'asar a gidansa. A nan na yi kuskuren. A wurinmu wannan zama na maza ne, mace ko uwar yarinya ce labari kawai ake kawo mata, don haka ni labari na ba ta. A wurin Yarabawa kuwa ranar da dangin miji suka zo gabatar da kansu, ranar kowa ce, kuma kaka ce a gaba. Wanda ya gaya maka ranar ya gayyace ka ke nan. Na ga ta sa an ciro wani akwati daga ƙarƙashin gado, na ga ana shanya kaya a igiya, ban kawo komai a raina ba. Ranar Asabar tun da safe na tafi gidan Baffa don in taya matarsa girki.

Baƙi suka iso, Alhaji Garba da wasu dattawa biyu. Aka shigar da su falo. Mu mata muna ɗakin da ke manne da shi, labule ne kawai a tsakani. An fara gaishe-gaishe ke nan ƙofar baya ta buɗe, sai ga Gwaggo riƙe da hannun Iya. Ta sha farin leshi, da ashoke a kafaɗa, da gwaggwaro wanda ya fi kanta girma, da murjani a wuya. Gwaggo ta raɗa min cewa kayan da ta sa ranar sunan ubana ne. Matar Baffa ta miƙe tsaye, fuskarta ta canza, amma wa zai kori uwar miji? Aika wa Baffa kuma ba hali, yana tsakiyar baƙi. Iya ta zauna kusa da ni a bakin gado, ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta, tana jiran a kira ta.

Muna jin komai. Baffa ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Ya kawo asalin kakana tun daga Bebeji, unguwa da gida da sunan liman. Ya ce Sule ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, yarinya 'yarsu ce ta halak, shi ne waliyyinta. Da na ji kalmar nan ta halak daga bakinsa, a gaban shaidu, sai da na runtse ido. Abin da na baro Kano dominsa ke nan.

Sai Alhaji Garba ya yi gyaran murya. "Madalla. To ta wajen mahaifiyarku fa, Alhaji?"

"'Yar Katsina ce."

Hannun Iya ya motsa a kan nawa. Gwaggo ta juyo ta kalle ni, na sunkuyar da kai.

"Ai shi ke nan," in ji Alhaji Garba. "Tana nan gidan? Sai mu shiga mu gaishe ta, ba a zo gida a wuce babba ba."

Sannan Baffa ya ce, da murya a sanyaye kamar gaske, "Ai Allah ya yi mata rasuwa. Shekara tara ke nan."

Dattawan suka yi salati. Alhaji Garba ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ce a yi mata fatiha. Gwaggo ta zabura za ta yaye labulen, Iya ta cafke zaninta, ban san tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba. Ta girgiza mata kai. Sannan ta juyo gare ni ta zuba min ido. Jira take. Taku uku ne tsakanina da labulen. Na san in na ɗaga shi na ce ga ta nan da ranta, Baffa ya zama maƙaryaci, duk abin da ya faɗa a kaina ya rushe tare da shi, har kalmar da na zo nema. Na zauna. Ina jin maza suna karanta fatiha a bayan labule, sai na ga Iya ta saki hannuna, ta ɗaga tafukanta biyu. Da suka shafa ita ma ta shafa, ta ce amin.

Aka ba da goro, Baffa ya karɓa, aka yi addu'a, aka sa rana bayan salla. Ya raka baƙi waje suna ta raha. Can ya dawo da ƙwaryar goron a hannu, ya yaye labule yana murmushi don ya ba mata rabonsu, sai ya yi ido biyu da uwarsa. Murmushin ya ɗauke. Bai gaishe ta ba, matarsa ya kalla.

"Wa ya kawo ta?"

Gwaggo ta fara zazzaga masa Yarbanci, ban ji ko ɗaya ba amma na san ba addu'a ba ce. Iya ta ɗaga mata hannu, Gwaggo ta tsaya. Ni kuma don in yi wani abu da hannuna, na ɗebi goro fari guda uku daga ƙwaryar, na durƙusa a gabanta na miƙa. Na ce, "Iya, ga naki."

Ta dubi goron, ta dube ni.

"Kin san zai ce Katsina?"

Na ce na sani.

"To." Ta miƙe da ƙyar, ta gyara ashokenta. "Ki ba masu rai. Matattu ba sa cin goro." Ta ce wa Gwaggo, "Mu bi ta baya, baƙin ba su yi nisa ba, kada su gan ni."

Na bi su har bakin titi ina magana, ban ma san me nake cewa ba. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da danfo ya tsaya Gwaggo ta ce kayana za ta aiko min gidan Baffa, kada in zo ɗauka. A gidan mutumin da ya kore ni daga rumfarsa na kwana biyu, ba mai ce wa wani ci kanka, sannan na hau motar Kano.

An ɗaura aure bayan salla, Baffa Lawal ya zo da babbar rigarsa ya yi walicci, dangin Mukhtar suna ta yabon dattakunsa. Masu cewa ba ni da uba suka yi shiru. Na gaya wa Mukhtar gaskiya bayan wata uku, ya ce in bar ta a cikina, in baffansa ya ji ba mu da zaman lafiya. Na sha kiran wayar Gwaggo in ce a ba ni Iya, kullum amsa ɗaya ce, tana barci. Na aika atamfa, aka karɓa, ba a ce an gode ba.

Shekara biyu da wata huɗu bayan nan Gwaggo ta kira ni da kanta, karo na farko. Ina gidan surukata ana shirin sunan ƙanwar Mukhtar, ina yanka albasa a tsakar gida cikin mata. Ta ce Iya ta cika da asuba, an kai ta. Na ce innalillahi a hankali, na ajiye wayar. Surukata ta ga hawaye ta ce lafiya, wa ya rasu? Na buɗe baki, sai na tuna a gidan nan kakata ta shekara goma sha ɗaya a kabari, har sun yi mata fatiha. Ba wanda zan gaya wa, ba wanda zai yi min gaisuwa. Na ce mata ba kowa, albasa ce. Ta ce in matsa kusa da ruwa, in yi sauri kuma, baƙi sun kusa zuwa.